Wanda Ya Karɓi Waƙar Markus a Ramin Bayan Kasuwa

Jama'a, abin da zan ba ku ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji shi ba. Da ni aka yi, da hannuwan nan nawa na riƙe igiyar, na rantse da Wanda raina ke hannunsa ba zan ƙara ko gishiri a kai ba. Wanda ke cin abinci ya ɗan ture kwanon gefe tukuna, don wurin da zan kai ku ba mai ƙamshi ba ne.

A Zuru ne, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, zamanin da wayar salula ta fara shiga hannun mutane, in kana son magana sai ka nemi tudu ka tsaya kana ɗaga hannu sama. Ni mutumin ƙasar Jega ne, aiki ne ya kai ni. Wani ɗan kwangila ya samu aikin gyaran wani katafaren rami na siminti da ke bayan kasuwa, inda ruwan banɗakunan haya da na mahauta da na masu abinci duk yake gangarowa ya taru, shi ne ya ɗauke ni in riƙa zuba magani ina kula da wurin. Ramin a rufe yake da daɓen siminti, sai baki guda mai murfi wanda mutum ɗaya zai iya shiga, amma cikinsa ya kai ɗaki babba, zurfinsa kuwa ya fi tsayin mutum biyu.

Warin wurin, kai, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauka ƙwai ne ya ruɓe a cikin tukunya aka rufe, ku kuma aka ce ku buɗe da rana tsaka. Kuma ba hanci kaɗai yake ci ba. Akwai wani Inyamuri mai shagon kayan gini dab da ramin, Oga Okey muke ce masa, mutum mai barkwanci da son mutane, ranar da na fara zuwa ya ja ni cikin shagonsa ya nuna mini kwaɗuna da wayar wuta sababbi fil, duk sun yi baƙi ƙirin a cikin kwalinsu, kwanon rufin shagon kuma ya yi tsatsa ya huhhuje. Ya ce, "Aboki, ka gani? Wannan wari ya ci ƙarfe, ya ci kasuwa, saura ni." Injiniyan da ke zuwa duba mu jefi-jefi daga Birnin Kebbi ya bayyana mini cewa wata iska ce ke tashi daga ruɓaɓɓen ruwan, in ta haɗu da gumin da ke jikin rufin ramin sai ta koma kamar ruwan batir, ta yi ta cin siminti da rodi a hankali har wata rana daɓen ya rufta da duk wanda ke tsaye a kai. Na sa yatsa a ƙarƙashin murfin na gani da idona, siminti ya yi laushi yana fitowa kamar dafaffen rogo.

Aikinmu shi ne mu dama farar ƙasa a cikin duro, mu tuttula ta wajen da ruwan ke shigowa, ita ce ke danne iskar ta hana ta tashi, bayan wani lokaci kuma mu bi da hodar kulorin don ta kashe abin da ya rage. Mu biyu ne, ni da Markus. Markus manomi ne daga ƙauyukan kan dutse ta wajen Kanya, da rani yake saukowa gari neman aiki, gajere ne kakkaura, ƙirjinsa kamar turmi, ga murya. A cocinsu shi ke jan waƙa, matarsa Maman Rahila ita ma tana cikin mawaƙan zumuntar mata, kuma kullum sai ya ba ni labarin shekarun da ya kwashe yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar surukinsa kafin a ba shi ita, yana cewa ni da na biya sadaki na ɗauko mata a mota ban san aure ba. Ni kuma in ce masa ai shi bauta ya yi, ba aure ba. Haka muke yini muna tsokanar juna, muna cin tuwon dawa a kwano ɗaya in matarsa ta kawo masa.

To, ga yadda masu wannan aiki suke yi a can, kuma wajen su na koya. In mutum zai shiga rami, za a ɗaura masa igiya a ƙarƙashin hammata, ɗaya ya tsaya a sama ya riƙe, na cikin kuma ba a yarda ya yi shiru ba ko kaɗan. Ko ya yi ta surutu, ko ya yi ta waƙa. Muddin murya na fitowa, lafiya lau ke nan, kada ka dame shi da ja, don in ka fizge shi ba dalili yana iya zamewa ya faɗa cikin laka. Da zarar ta ɗauke kuwa, ba tambaya, ja kawai. Ni in na shiga sai in yi ta lissafo sunayen garuruwan da ke kan hanyarmu har Markus ya ce na ishe shi, shi kuwa waƙoƙin coci yake zubawa cikin yarensu na C'lela, ramin ya ɗauki muryar ya ƙara mata kauri, har masu wucewa su tsaya.

Wallahi maganin ya yi aiki. Kafin bazara ta yi nisa warin ya ragu sosai, mai kunun da ta gudu daga layin ta dawo da robobinta, mahauta suka fara kirana Likita, Oga Okey ya fito da bencinsa waje yana shan iska yana cewa zai sa wa ɗansa sunana. Ni kuwa kaina ya yi girma, tafiya ma ta canza. Injiniya ya aiko cewa a kira motar yashe masai ta zuƙe ruwan, sannan a shiga a kankare rufin daga ciki a ga iya inda asid ya ci, don a san yadda za a yi sabon shafe. Mota ta zo ta zuƙe, ta bar baƙar laka a ƙasa wadda za ta kai gwiwa, muka rufe muka ce sai gobe.

Washegari aka tashi da zafi irin na gab da damina, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ko ganye ba ya motsi. Wajen hantsi muka ture murfin. Wari ya bugo mu bugu ɗaya mai ƙarfi har na ja da baya ina tari, na sake matsowa na leƙa, sai na ji shiru, babu komai. Na shaƙa, na ƙara shaƙa, wallahi ko ɗigon wari babu, sai ma wani ɗan zaƙi-zaƙi a maƙogwaro. Jama'a, ku zo ku ga murna. Na buga tsalle na rungume Markus ina cewa, "Mun gama da shi, wallahi mun gama da shi, ragowar ce ta hita." Shi ma ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗago baki har kunne, ya ce yau ko a ciki aka ce ya ci tuwo zai ci. Idanunmu na ɗan yaji suna ruwa, muka ce farar ƙasa ce.

Ranar layinsa ne na shiga ramin. Ya sa takalmin roba, ya ɗaura tocila a goshi, na ɗaure shi da igiya na duba ƙullin da kyau, muka zura tsanin katako tunda matakalar ƙarfen ramin duk tsatsa ta cinye ta. Tun yana kan tsani ya fara waƙa. Na ji ya taka laka, na ji ƙarar ƙarfen kankara a jikin siminti, na koma gefe inda inuwar shagon Oga Okey ta faɗo, na zauna a kan duro da igiya a hannuna ina kaɗa ƙafa.

Ban taɓa jin ya yi waƙa mai daɗin ta ranar ba. Murya ta fito tas, ta cika wurin, ba gargada ba tari, har Oga Okey ya bar mai sayen ƙusa a tsaye ya fito yana tafi, mai kunu tana rausaya kai, ni kuma ina ta cika baki ina gaya wa duk wanda ya tsaya yadda muka yi da warin, ina cewa in an ga dama a kawo mana na Sakkwato ma mu gyara. Ƙarar kankara dai na daina jinta, amma ban kawo komai ba, na ce ya tsaya duba bango ne. Igiya ba ta motsi, na ce ai wuri ɗaya yake aiki. Murya na fitowa, kuma abin da aka koya mini ke nan.

Ana haka sai ga Maman Rahila da kwanon abinci a ka. Tun daga nesa ta toshe hanci da bakin zanenta, ta ce, "Malam, yau wane irin wari ne haka?" Na yi dariya na ce wari kuma, ai wari ya tahi, hancinki ne bai samu labari ba. Ta ce ina Baban Rahila, na nuna mata ramin na ce ga shi can yana yi miki waƙa. Ta sauke kwanon tana murmushi, ta tsaya tana saurare, har ta fara bin waƙar a hankali da bakinta. Sai na ga ta tsaya ta ja numfashi, ta sake bi, ta sake tsayawa. Murmushin ya ɓace. Ta matso ta kama mini hannu, matar da ko gaisawa ba mu taɓa yi da hannu ba, ta ce, "Malam, ja shi."

Na ce, "Don mi? Ba ki ji shina waƙa?"

Ta ce, "Mai waƙan nan ba ya numfashi. Saurara."

Na kasa kunne. Billahillazi, jama'a, gaskiya ta faɗa. Baiti na ƙarewa wani na hawa kansa, ba tsayawa, ba ɗan shirun nan da kowane mai rai ke yi ya ja iska, murya ɗaya miƙe kamar ruwan famfo da aka manta a buɗe. Na miƙe na ja igiya, na ji nauyi kamar buhun dawa, na kira Oga Okey, wani mahauci ma ya jefar da wuƙarsa ya kama, muka yi ta ja ba ji ba gani, igiya na goge mana tafin hannu, har kan Markus ya ɓullo a bakin ramin a langaɓe. Muka zaro shi muka shimfiɗe a kan daɓe. Rabin jikinsa laka, leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, kumfa a gefen baki, idanu a juye, bakin nan nasa a rufe gam.

Waƙar kuwa ba ta tsaya ba. Ga mutum kwance a gabanmu, ga muryarsa tana ci gaba da fitowa daga cikin rami, tas, yadda take. Mahaucin nan ya dube ni, ya dubi ramin, ya ja da baya yana salati har ya yi karo da duro. Oga Okey ya yi alamar gicciye yana magana da yarensu. Maman Rahila ce kaɗai ba ta ko waiwaya ba, ta durƙusa tana share masa baki da zanenta tana danna masa ƙirji tana kiran sunansa, sai da ta daka mana tsawa ta ce mu nemo mota sannan muka dawo hayyacinmu. A akori-kurar Oga Okey muka sa shi, muna barin layin ina jin waƙar a bayanmu har muka sha kwana.

A asibiti suka karɓe shi da gudu suka sa masa iska a hanci. Yana numfashi sama-sama, amma ko yatsa ba ya ɗagawa. Likitan ya tambaye ni abin da ya faru, na gaya masa har da yadda warin ya ɓace, sai ya girgiza kai ya ce wannan iska haka take, in kaɗan ce hanci na jinta, in ta yi yawa sai ta kashe hancin farko, mutum ya ɗauka wuri ya gyaru alhali lokacin ne ta fi kisa. Ya ce maganinmu ya gyara ruwan sama, amma lakar ƙasa ta daɗe tana ajiye da ita, zuƙe ruwan da taka lakar ne suka sake ta gaba ɗaya. Na ce to waƙar fa? Ya dube ni ya ce in je in sha iska, ni ma na shaƙi rabona. Da na tambaye shi ko Markus zai tashi, sai ya ce mu yi ta addu'a.

Can bayan azahar na tuna mun bar ramin a buɗe, ga awaki ga masu wucewa. Na bar Maman Rahila a bakin gado, muka koma ni da Oga Okey. Layin ya watse, mai kunu ta kwashe kayanta, mahauta sun koma can nesa sun yi cirko-cirko suna kallo, wurin tsit, waƙa ta ɗauke. Na ji sanyi a raina. Muka ɗaure hanci da tsumma, muka kama murfin muka fara turawa, ya rufe rabi ke nan sai na ji daga ƙasa, a hankali, cikin gajiya:

"Malam. Malam, ja ni mana."

Muryar Markus ce, ba ta waƙar nan mai santsi ba, tasa ta kullum, da ɗan kaurin nan da yadda yake lanƙwasa Hausa. Wallahi saura kaɗan in taka tsanin nan, har na ɗaga ƙafa, Oga Okey ya cafke ni ta ƙugu ya yi baya da ni yana cewa, "Aboki, kana hauka? Markus yana asibiti. Rufe, rufe mu tafi." Na ce ba zan iya ba. Ku gane, mutumin nan yana can kwance bai san inda kansa yake ba, ga muryarsa nan a ƙasa tana roƙona, in na ture murfin nan a kanta ya cika a can, da wane ido zan dubi matarsa? In kuma ba shi ba ne, to me zan tarar? Ga tsoro ga tausayi, na rasa wanda zan bi.

Sai na ɗauki igiyar, ƙullin hammatar na nan yadda muka zare shi, na tsaya nesa da bakin, na yi bisimilla na jefa ta ciki. Ta sauka ta kwanta. Ba a jima ba na ji ta miƙe a hannuna, an kama. Na ja, nauyi, har ya fi na ɗazu. Oga Okey yana ta zagina da Hausa da Inyamuranci, amma Allah ya saka masa da alheri, ya zo ya kama bayana, muka ja tare muna nishi, dugaduganmu na zamewa a kan siminti, daidai lokacin masallacin kasuwa ya ɗauki kiran la'asar. Nauyi ya yi ta tahowa, ya yi ta tahowa, ya zo dab da baki, sai kawai igiya ta saki muka zube ƙasa a kan juna. Ƙullin ya faɗo gabanmu wayam, ba kowa, sai laka na ɗiga. Muka ture murfin muka ɗora masa bulo, muka tsere.

Muna shiga asibiti na hango Maman Rahila a baranda tana kuka tana dariya, ta ce ya buɗe ido, ana kiran salla ya yi wani dogon numfashi ya buɗe ido. Jama'a, ban san lokacin da na yi sujada a kan simintin barandar nan ba. Na shiga da gudu na kama hannunsa ina ta surutu, ina cewa ka ba mu tsoro, ka kusa kashe mu. Ya dube ni ya ce da wata 'yar murya, "Malam, ka daɗe ba ka ja ni ba. Tun safe ina kira, sai da aka yi kiran sallanku."

Na ce masa tun kafin azahar muka fito da kai, ga matarka, ga likita, tambaye su. Ya girgiza kai. Na ce to waƙar da ka yi ta yi fa? Ya ce shi baiti ɗaya ya yi, ƙirjinsa ya toshe, ya zauna cikin laka, sai na kusa da shi ya ce ya huta, ya karɓi waƙar.

Na ce, "Wane na kusa da kai? Kai ɗaya ka shiga."

Ya ce, "Mu biyu ne. Ban ga fuskanshi ba, tocila ya mutu." Ya lumshe ido kamar zai koma barci, sannan ya ƙara da cewa, "Da ka jefo igiya, shi ma ya kama."

Markus ya warke, ya koma gonarsa da damina ta sauka, bai sake dawowa aikin ba, kuma ban ga laifinsa ba. Injiniya ya kawo injin hura iska da abin rufe fuska, da su aka ƙarasa gyaran, an yi sabon shafe, an ci gaba da zuba magani, wari ya kwanta. Waɗanda suka shiga bayanmu ba su ga komai ba, ba su ji komai ba, ramin wayam. Wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali, don da sun ce sun ji wani abu a ciki, da na san yana nan inda muka bar shi.

Na tambayi malamai, Maman Rahila ta tambayi fastonsu, kowa da abin da ya ce, ba wanda ya gamsar da ni, ni ma ba zan ce muku ga ko mene ne ba. Abin da zan roƙe ku kawai, masu yashe masai da rijiya da kwalbati da duk mai ɗan'uwa a wannan sana'a: in kun buɗe rami kuka ji warin ya ɗauke farat ɗaya, ku ja da baya, ba gyaruwa ya yi ba. Kada kowa ya shiga sai an hura iska ta ratsa. Wanda ke riƙe da igiya kuma kada ya zauna a inuwa yana jin daɗin murya, ya riƙa girgiza igiyar yana jiran a girgiza masa, ya saurari numfashi. In kuma kun fito da mutuminku kuka ji ana kira daga ƙasa, ni dai ba zan ce ku jefa igiya ba, ba zan ce kada ku jefa ba. Na jefa, abokina ya tashi, kuma har yau ban san su nawa na jawo ba.